Malam Sharhabil da Tukwanensa Talatin da Shida

Jawabin da Malam Isiyaku Hamza, sakataren ƙungiyar mazauna unguwa, ya gabatar a taron addu'a da tunawa da marigayi Malam Sharhabil Audi, a harabar makarantar Islamiyya, Kurmin Mashi, Kaduna.

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Godiya ta tabbata ga wanda rai da mutuwa suke hannunSa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da iyalan gidansa da sahabbansa.

Mai girma wakilin Hakimi, Allah Ya ƙara maka lafiya. Mai Unguwa, ranka ya daɗe. Malam Liman da na'ibinsa, Allah Ya gafarta malamai. Shugaban ƙungiyar tsofaffin ma'aikatan ruwa da waɗanda suka rufa masa baya. Dakta Samira Mamman, wadda ta taso daga jami'a tun jiya. Alhaji Rabe Audi, ƙanin marigayi kuma babban gida a yanzu. 'Ya'yansa, Mustapha da Firdausi. Iyayenmu mata da ke can ƙarƙashin rumfa, da sauran jama'a, assalamu alaikum wa rahmatullah.

An zaɓe ni in yi magana ne domin katangarmu ɗaya da marigayi shekara ashirin da shida. Mai Unguwa ya ce ai babu wanda ya san shi kamata. Na karɓa, amma da na zauna zan rubuta, sai na ga abin da na sani game da shi yawancinsa ta kan katanga na ji shi. Zan faɗa muku abin da na sani ɗin, da mai daɗi da marar daɗi, domin shi kansa ba ya son a gyara lamba idan mita ta nuna ta.

An haifi Malam Sharhabil a Abakpa, a gidan maƙera. Ya yi karatun kimiyyar sinadarai a Zariya, ya dawo ya kama aikin gwamnati a ɗakin gwajin ruwan sha, kuma a wannan ɗaki ya yi shekara talatin da biyar. Ya kasance mutumin da aikinsa ba a gani sai ranar da ba a yi shi ba. Ya kasance yana zuwa ofis kafin masinja. Ya kasance idan ka ba shi ruwa a gidanka, sai ya ɗaga kofin ya duba ta haske kafin ya sha, ba don raini ba, hannunsa ne ya saba.

Dattawan da ke nan za su tuna shekarar da amai da gudawa ya shiga wani layi a Badarawa. Ba aikinsa ba ne, ba a kuma aike shi ba. Ya ɗauki kwalabe a buhu, ya bi gida-gida yana ɗibar ruwan rijiya, ya rubuta sunan mai gida a jikin kowace kwalba. Bayan kwana biyu ya gano rijiyar da cutar take fitowa. Ta wani attajiri ce, wanda ya buɗe ta domin jama'a su riƙa ɗiba sadaka, sai dai an haƙa masai kusa da ita. Attajirin ya ji haushi, ya ce an zo a ɓata masa ladarsa. Malam Sharhabil bai yi gardama ba. Ya shimfiɗa buhunsa a bakin rijiyar ya zauna, duk matar da ta zo da guga sai ya gaishe ta ya ba ta haƙuri. Tun hantsi yana wurin har magariba, sai da aka kawo marfi da kwaɗo. Akwai mutane a garin nan da suka yi jikoki saboda wannan zama, kuma ba su san sunansa ba.

Da ya yi ritaya, mun zaci zai yi abin da muka yi, ko kiwon kaji ko ɗan shago a ƙofar gida. Sai muka ga a-kori-kura ta sauke tukwanen ƙasa a gidansa, sababbi, irin na miya. Na leƙa na tambaye shi ko Hajiya Kaltume, matarsa, za ta fara sayar da abinci ne. Ya yi dariya, ya jawo mini kujera, ya ce shekara talatin da biyar yana auna ƙazantar ruwa yana rubutawa a takarda, yanzu yana so ya ga ko ƙazantar za ta iya yin wani aiki.

Ga yadda ya bayyana mini, ni da na koyar da labarin ƙasa ban san komai a sinadarai ba. Ya ce a cikin ruwan kwatami akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, abincinsu shi ne dattin da ke cikin ruwan. Idan suna ci, suna fitar da wani ɗan ƙarfi na lantarki. In ka zuba ruwan a tukunyar ƙasa, ka sa waya ɗaya a ciki, ɗaya a bayan tukunyar inda iska ke bugawa, wannan ƙarfi zai bi waya ya fito, ruwan kuma yana ta washewa domin ana cinye dattinsa. Matsalar tana bayan tukunyar. A nan ne lantarkin yake haɗuwa da iska, kuma haɗuwar tana da nawa ƙwarai, sai an shafa wani abu da zai hanzarta ta. Shi yana kiran abin mazugi, domin ya ce haka yake a maƙerar babansu: ga gawayi ga wuta, amma in babu mai zuga, ƙarfe ba zai yi ja ba. A manyan ɗakunan bincike, wani ƙarfe ake shafawa mai suna filatinam, wanda talaka ko ganinsa ba zai yi ba. Abin da yake nema shi ne mazugin da za a iya yi da abin da muke zubarwa a Kurmin Mashi.

Wannan nema shi ya cinye sauran rayuwarsa. Ya ƙona ɓawon gyaɗa a rufaffen gwangwani ya niƙa. Ya gwada ɓuntun shinkafa, ya gwada ƙashin shanu, ya fasa tsofaffin batura ya kwashe baƙin garin da ke ciki. Kowace tukunya da lambarta da farin fenti. Kullum bayan ya dawo daga sallar asuba, sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya da 'yar mitarsa, yana faɗin lamba da ƙarfi, Hajiya Kaltume tana zaune bakin ƙofar ɗaki tana rubutawa. Ina jin su daga tsakar gidana. Wani lokaci ta ce ya maimaita, wani lokaci ta ce masa ta tara fa yau ta yi fushi, ba ta ci abinci ba.

Hajiya Kaltume ta rasu shekara bakwai da suka wuce. Mustapha yana aiki a ƙasar waje, Firdausi tana aure a Fatakwal. Sun yi iyakar ƙoƙarinsu ya koma wurin ɗayansu, ni shaida ne, ya ce tukwane ba sa hawa mota. Bayan an watse daga zaman makoki, na ci gaba da jin muryarsa da safe. Zai ce, "Ta bakwai, ɗari huɗu da goma." Sai shiru. Sai in ji takunsa ya tafi bakin ƙofar ɗaki inda littafin yake, ya rubuta da kansa, ya dawo kan ta takwas. Bai matso da littafin kusa da tukwanen ba. Shekara bakwai ina jin wannan kai da kawowa, ina shan shayina, kuma ban taɓa zagayawa na ce masa kawo in rubuta maka ba.

Yanzu na zo inda ya fi mini nauyi. Wata shekara ya karanta cewa jini yana ɗauke da ƙarfe a cikinsa, kuma in an busar da shi an ƙona tare da gawayi, yana iya zama mazugi mai kyau. Ya fara zuwa mahauta da bokiti. Jama'a, mun san abin da ya biyo baya. Wari ya tashi, ƙudaje suka cika layin. Daga nan magana ta canza. Aka fara cewa dattijo shi kaɗai a gida, da tukwane jere, da jini, ai wannan ba kimiyya ba ce. Wasu iyaye suka hana a bi ta ƙofarsa. Mu da muka san gaskiya ba mu ce komai ba, domin warin yana damunmu, kuma tsegumin yana yi mana aiki.

Ƙungiya ta zauna ba tare da an kira shi ba, aka ce a rubuta takardar koke. Ni na rubuta ta, da hannuna. Da jami'an duba-gari suka zo, ya tarbe su da mutunci, ya zagaya da su, ya amince cewa shanya jini a cikin gida kuskure ne, ya ce laifinsa ne da bai yi tunanin maƙwabta ba. Ya mayar da tukwanen can ƙuryar tsakar gida ya yi musu marafai, shanyar kuma ya koma yi a bakin rafi, nesa da gidaje. Cikin mako guda wari ya ɗauke. Ashe sun nuna masa takardar, kuma ya san rubutuna, tun da ni nake rubuta sanarwar masallaci. Mun haɗu a bakin famfon alwala, ya gaishe ni kamar kullum, sannan ya ce a hankali, "Malam Isiyaku, ai da ka ƙwanƙwasa ƙofa." Bai sake tayar da zancen ba har ya bar duniya.

Wari ya tafi, amma mu ba mu dawo ba. Ya daina zama a majalisarmu ta bayan la'asar, mu kuma ba mu aika a kira shi ba. A masallaci ya koma ƙarshen sahu, wajen taga, yana sallamewa sai ya ɗauki takalmansa. Na san dalili. Wata rana wani ya matsa daga kusa da shi yana toshe hanci, alhali rigarsa wankakkiya ce fes. Ya gani, muka gani, aka ta da salla.

Duk da haka ya kasance shi ne mai fara zuwa gaisuwar mutuwa. Ya kasance idan an yi haihuwa a layin, za a ga ledar sabulu a ƙofar gidan ba a san lokacin da ya ajiye ba. Ya kasance duk damina sai ya bi rijiyoyin unguwar nan da kwalabensa, har da ta gidana, ya turo sakamakon a 'yar takarda ta ƙarƙashin ƙofa. Mutum ɗaya ce take hulɗa da shi kullum, Mariya mai awara, wadda take ajiye masa jarkar ruwan da ta tace daga waken suya a bakin ƙofa kowace safiya, domin ya ce halittun nasa sun fi son wannan ruwa. Takan ce in ya fito ɗauka, yakan tsaya ya ba ta labarin tukwanen har awararta ta kusa ƙonewa.

Shekara biyu da suka wuce, wata Laraba bayan la'asar, na ji sallama a ƙofata. Shi ne, karo na farko cikin shekara uku. Hannunsa duk baƙi, hularsa a karkace. Ya ce in ba ni da uzuri, yana so in zo in ga wani abu. Na bi shi. Ya haɗa tukwane talatin da shida da waya, dukkansu an shafe bayansu da garin jini da ɓawon gyaɗa, a ƙarshen wayar kuma ga wani ɗan ƙwan fitila kamar ƙwayar masara. Rana tana da ƙarfi, ban ga komai ba. Sai ya durƙusa, dattijo mai shekara kusan saba'in, ya kewaye ƙwan da tafukansa biyu ya yi masa inuwa, ya ce in sunkuyo. Na sunkuya. Yana ci. Ya ce kwana goma sha ɗaya ke nan bai mutu ba. Ya nuna mini kwalabe biyu, ɗaya ruwan da ya shiga, baƙi ƙirin, ɗaya wanda ya fito, ana hango yatsa ta cikinsa. Ya ce ba na sha ba ne tukuna, amma za a iya ban-ruwan alayyafo da shi, kuma in ya gangara rafi ba zai kashe kifi ba.

Yana kallon fuskata yana jira. Na ce masa madalla, sannan na tambaye shi yaushe abin zai iya ɗaukar firji. Wallahi da wasa na faɗa. Ya yi murmushi ya ce da saura. Ya rako ni har ƙofa, ya yi mini godiya da na zo. Minti goma na yi a gidan. Daga baya na gane cewa a duk faɗin garin nan ni ya zaɓa ya nuna wa, ni da na rubuta takardar.

Wadda ta san darajar abin da na gani ita ce Dakta Samira. Ya rubuta sakamakonsa ya aika wa masana, aka dawo masa da shi sau biyu, ya gyara, a karo na uku aka buga a mujallarsu. Ita ta karanta, ta nemo gidan da kanta da na'urorinta. Ta gaya mini jiya cewa ta zo ne da shakka, amma da ta auna, sai ta ga garin da ya yi a gwangwani ya kai kusan kashi uku cikin huɗu na aikin wancan ƙarfe mai tsada, kuma ya fi shi jure datti. Awa huɗu suka yi suna magana. Mariya ta ce wata guda ya yi yana ba ta labarin wannan ziyara, har abin da baƙuwar ta ce game da tukunya ta goma sha biyu.

Ranar Talata, makonni shida da suka wuce, Mariya ta yi sallama a gidana da sassafe. Ta ce, "Baba, jarkar jiya tana nan inda na ajiye ta." Muka kira Mai Unguwa, aka ɓalle ƙofar. Muka same shi a zaune a bakin ƙofar ɗaki, ya jingina da bango, littafin a cinyarsa. Ya rubuta har tukunya ta goma sha tara. Likita ya ce tun safiyar Litinin ne. Ku lissafa tare da ni: azahar, la'asar, magariba, lisha, da asubar Talata. Salloli biyar muka yi babu shi a wajen tagar masallaci, kuma babu ɗayanmu da ya juya ya ce ina Malam Sharhabil.

Akwai kuma abin da ya faru bayan jana'iza, wanda iyalinsa ba su sani ba sai yanzu. Da muka ga baƙi za su cika gidan, muka ce a share tsakar gida a yi shimfiɗa. Aka kwashe tukwanen aka juye su a kwatami, aka jera su a kife a jikin bango. Ina tsaye aka yi. Niyyarmu mu kyauta ne. Sai da Dakta Samira ta zo gaisuwa ta ga tukwanen a kife, ta zauna a ƙasa ta rufe fuska, sannan muka san cewa halittun da ke ciki shekara da shekaru ya yi yana renonsu, kuma ba a sayo irinsu a kasuwa. Allah Ya sa akwai guda huɗu a lungun bayan ɗaki da ba a gani ba. Mariya ce take zuba musu ruwa tun ranar, ba wanda ya sa ta. Dakta ta auna su jiya, suna da rai. Iyali sun amince ta tafi da biyu tare da littattafansa goma sha huɗu. Biyu za su zauna a nan makarantar, a bayan wurin alwala, ƙungiya ta ɗauki nauyin kula da su, kuma sunana ne na farko a jerin masu aunawa da safe.

Alhaji Rabe, ka yi rashin yaya, Allah Ya ba ka haƙuri da ikon riƙe gidan. Mustapha, kada ka bari zuciyarka ta ce maka nisan da ka yi ne ya jawo. Mahaifinka yana alfahari da kai, hotonka yana cikin littafinsa na farko. Masu nisa ba su ne suka gaza ba.

Firdausi, 'yata, ke ce kika sa na kasa barin wannan jawabi ya zama na yabo kawai. Ranar da kika iso daga Fatakwal, kin zo har gidana kin durƙusa, kin ce, "Baba Isiyaku, Allah Ya saka da alheri. Duk Juma'a in mun yi waya sai ya ce kada in damu, kullum kuna tare, kai kake riƙe masa littafi." Na amsa miki da amin. Yau a gaban jama'a nake gaya miki, ban taɓa riƙe masa littafi ba ko sau ɗaya. Ya faɗi haka ne don ki yi barci da kwanciyar rai, ya kuma rufa mana asiri a wurin 'yarsa, mu da ba mu rufa masa ba a wurin baƙi. Ba zan iya neman gafararsa ba yanzu. Taku nake nema, ke da ɗan'uwanki, a madadina da madadin duk wanda ya zauna a taron da aka yanke rubuta takardar nan. In kun yafe, mun gode. In abin yana bukatar lokaci, za mu jira.

Ina godiya ga wakilin Hakimi da Mai Unguwa da malamanmu, da hukumar wannan makaranta da ta ba mu wuri, da matan da suka yi girki tun jiya, da duk wanda ya bar sana'arsa ya zo. Mariya, na gode miki daban.

Ya Allah, ga bawanKa Sharhabil ɗan Audi ya zo gare Ka. Ka gafarta masa kurakuransa, Ka karɓi aikinsa wanda mutane suka gani da wanda ba su gani ba. Duk wanda ya sha ruwa mai tsabta ta dalilinsa, Ka sa a mizaninsa. Ka yalwata masa kabarinsa, Ka haskaka shi, Ka ɗebe masa kewa a cikinsa. Ka haɗa shi da Hajiya Kaltume a Aljannar Firdausi, Ka shirya masa zuriyarsa, mu kuma Ka kyautata namu ƙarshen. Ya Allah, Ka ba shi maƙwabta a can waɗanda suka fi mu.

Malam Liman, a yi mana Fatiha.